Alamar m6A a jikin shinkafa: shin za ta iya raba mu da feshin tsutsar kara?

Ɗan Kosti ya rubuta:

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Ina da tambaya wadda ta fi ƙarfin karatuna, kuma ina roƙon masu ilimin noma da ke cikinmu su yi haƙuri su warware mini ita da Hausa, domin in iya mayar wa mahaifina da bayani yadda zai gamsu.

Muna noman shinkafa a bakin Farin Nilu, kudu da Kosti a ƙasar Sudan, a filin da ruwa ke hawa idan kogi ya cika. Bara mun shuka iri biyu dab da juna, babu abin da ya raba su sai kunya ɗaya: tsohon irin da kakanmu ya bar mana, mai dogon kara, wanda ba ya cika buhu da yawa, da wani sabon iri gajere da muka saya a kasuwa. Yuriya ɗaya muka zuba musu, ruwa ɗaya suka sha. Da lokacin fitar kai ya yi, sai sabon irin ya cika da fararen zangarnu a tsaye cak, waɗanda idan ka kama da yatsu biyu ka ja sai su zare ba gardama, gindinsu a ciye, babu ƙwaya ko ɗaya a jikinsu. Na tsaga kara da farce na tarar da tsutsa kwance a ciki tare da kashinta. Tsohon irin ma ya taɓu, amma ɗai-ɗai, sai ka yi taku da yawa kafin ka ga guda.

Wani abokina da ke karatun aikin gona ya ce mini masana sun gano cewa idan ƙwaro ya ciji shinkafa, tana ɗora wata alama da ake kira m6A a kan RNA ɗinta, kuma da wannan alamar take shirya kāre kanta. Ni dai DNA na sani daga makaranta. Mece ce wannan alama, kuma shin ita ce ta sa tsohon irinmu ya tsira? Abin da ya fi damun mahaifina shi ne ko shinkafar da ta sha wuyar tsutsa bara za ta gadar wa 'ya'yanta wannan shiri idan muka ajiye irinta, har mu huta da sayen maganin feshi, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfinmu a wannan hali da ƙasa take ciki.

Malamar Madani ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka mai kyau ce, kuma na ji daɗin yadda ka tsaga karan ka duba da idonka kafin ka zo nan.

Ka ɗauki DNA a matsayin babban littafi da ke ajiye a cikin kowace ƙwayar halitta ta shinkafa, wanda ba a fita da shi waje. Idan tsiro yana bukatar wani furotin, sai a kwafo shafin da ya dace a kan allo, a kai wurin da ake haɗa furotin ɗin a karanta, sannan a wanke allon. Wannan allon shi ne RNA mai ɗauke da saƙo. Haruffansa huɗu ne kawai, A da U da G da C, kuma abin da ake kira m6A shi ne harafin A da aka liƙa wa wani ɗan ƙaramin sinadari mai suna metil, wato kabon ɗaya da haidurojin uku, a gurbi na shida. Kamar wasali ne da aka ɗora wa baƙi da jan tawada. A kan A ƙalilan ake ɗora shi, ba su kai biyu cikin ɗari ba, kuma yawanci kusa da ƙarshen saƙon yake taruwa.

Tun 1974 aka fara ganin wannan alama, amma ta yi kusan shekara arba'in ba a damu da ita sosai ba, saboda an ɗauka tabo ne da ba ya gogewa. A 2011 ɗakin binciken Chuan He a Jami'ar Shikago ya nuna cewa wani furotin mai suna FTO yana iya cire ta, sannan a 2012 aka samo hanyar zana taswirar wuraren da take a kan dubban saƙonni lokaci guda. Daga nan ne aka gane cewa ma'aikata iri uku ne ke kula da ita. Akwai marubuta masu ɗora ta, waɗanda a tsirrai ake kiran manyansu MTA da MTB da FIP37. Akwai masu gogewa na dangin ALKBH. Akwai kuma masu karatu, irin su ECT2, waɗanda ke kama saƙon da aka yi wa alama su yanke masa hukunci, ko a bar shi ya daɗe ana ta karanta shi, ko a gaggauta wanke shi. Muhimmancin wannan aiki ya kai cewa a 2008 masu bincike a Nottingham ta Ingila sun nuna cewa ɗan tsiron gwaji Arabidopsis, idan aka lalata masa MTA, tun yana cikin ƙwayar iri yake mutuwa. A shinkafa kuma an ga cewa idan OsFIP, wato FIP37 na shinkafa, ya lalace, garin fure na namiji ba ya nuna, tsiron kuma ba ya yin ƙwaya yadda ya kamata.

Yanzu ga inda ƙwari suka shigo. Shinkafa ba ta iya gudu, don haka idan tsutsa ta fara cinta, cikin ɗan lokaci kaɗan sinadarin jasmonik yana tashi a jikinta, shi kuma yana tayar da saƙonnin da ke haɗa furotin masu hana tsutsa narkar da abinci, da sinadarai masu ɗaci, da wani ƙamshi da ke janyo ƙananan zanzaro masu saka ƙwai a jikin ƙwaron ko a cikin ƙwansa. Idan kuma mai tsotso ne ya soka baki a jijiyar da ke ɗaukar ruwan zaƙi, tsiron yana iya toshe jijiyar da wani abu mai kauri da ake kira kalos. Duk wannan tsada gare shi. Sukarin da aka kashe a yaƙi, da a ce zaman lafiya ake yi, ganye da saiwa da ƙwaya zai tafi. Saboda haka tsiro yana bukatar hanyar da zai ɗaga saƙonnin kāriya da sauri, ya danne na girma, sannan ya mayar da komai yadda yake da zarar haɗari ya wuce, kuma alamar da ake iya ɗorawa a goge a kan allo ta dace da wannan aiki ƙwarai, domin ta fi saurin juyawa a kan a koma babban littafi kowane lokaci. A 2021 masu bincike a Yangzhou ta ƙasar Sin sun nuna cewa yawan m6A yana ƙaruwa a shinkafar da ta kamu da wasu cututtukan bairos guda biyu waɗanda ƙwari masu tsotso ke yaɗawa. A 'yan shekarun nan kuma an auna shinkafar da ƙwarin da kansu suka ci, aka ga taswirar alamomin tana sauyawa a kan saƙonnin kāriya da na girma.

Game da gado kuwa, ka gaya wa Baba gaskiya cewa kada ya dogara da shi. Yawancin waɗannan saƙonni awoyi kaɗan suke yi a wanke su, kuma alamar tana tafiya tare da allonta. Abin da ake gado shi ne littafin, wanda a cikinsa ne aka rubuta yadda marubuta da masu gogewa za su kasance. Idan tsohon irinku yana da wata baiwa, tana nan a cikin ƙwayarsa ko tsutsa ta ci shi bana ko ba ta ci ba. Kada a rikita wannan da metil da ake ɗorawa a kan DNA kanta, wanda wani lokaci yakan bi iri zuwa tsatso na gaba. Wannan wani babi ne daban.

Abin da ya sa ni kaina nake bibiyar wannan fanni shi ne gwajin da Jia Guifang ta Jami'ar Pekin da Chuan He suka buga a 2021. Sun sanya ƙwayar gadon FTO ta ɗan Adam a cikin shinkafa da dankalin Turawa domin a rage m6A, sai amfanin ya ƙaru da kusan kashi 50 cikin ɗari a gona, saiwoyi suka ƙara tsawo, tsiron ya ƙara jure fari. Wannan ya nuna cewa alamar ba ado ba ce, linzami ce mai ƙarfi.

Dattijon Jazira ya rubuta:

Sallama ga kowa. Jikana ne yake rubuta mini, ni kuma ina faɗa. 'Yata Malama, Allah ya ƙara ilimi, na fahimci misalin allo sarai. Amma ina so in gaya wa ɗana na Kosti abin da idona ya gani, domin na yi shekaru masu yawa ina riƙe da hawasha, wato gonar haya ta auduga a shirin noman ban-ruwa na Jazira.

Lokacin da aka fara feshi da jirgin sama, mun yi murna, domin ƙwarin da ke murɗe ganyen auduga sun kwanta. Kowace shekara sai a ƙara yawan feshin, kuɗinsa kuma daga lissafin manomi yake fita. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 sai farin ƙuda, wanda a da ba ma lissafa shi cikin manyan abokan gaba, ya mamaye gonaki. Idan ka girgiza reshe sai su tashi kamar an watsa gari. Suna zubar da wannan danƙo da muke kira asala, ya sauka a kan audugar da ta buɗe, ta riƙa manne wa yatsun masu tsinka, ta kuma manne wa injinan saƙa a ƙasashen waje, har sunan audugar Sudan ya ɓaci a kasuwa. Daga baya masana suka bayyana mana cewa maganin ya kashe gizo-gizo da sauran masu cin ƙwarin, shi kuma farin ƙudan ya saba da shi.

Saboda haka duk lokacin da na ji an ce an samo linzamin da zai juya tsiro, tambayata ɗaya ce: shi ƙwaron fa, barci zai yi? Kuma wannan shinkafa da aka sa wa abin ɗan Adam ta ƙara yawa, an gwada ta a gaban tsutsa? Domin Malama da bakinki kika ce girma da yaƙi daga rumbu ɗaya suke ci. Ni abin da na sani a gona shi ne shukar da aka cika wa yuriya ta yi kore shar, ita ƙwari suke fara sauka a kai.

Mai Nazarin Ƙwari, Sinnar, ya rubuta:

Baba Alhaji, tambayarka ta faɗa daidai kan gaɓa, kuma amsarta za ta ba ka mamaki, domin ta dawo kan farin ƙudan naka. A 2021 masu bincike daga Sin da Ingila sun nuna cewa farin ƙuda mai jure maganin tiyametoksam yana da sauyin harafi ɗaya, T, wanda a DNA yake madadin U, ya koma A, a farkon wata ƙwayar gado mai suna CYP4C64, wadda ke haɗa furotin mai narkar da guba. Wannan sabon A ya zama gurbin da ake ɗora m6A, sai furotin ɗin ya yawaita, ƙwaron ya sha magani ya tashi. Maganin da aka fesa muku a wancan zamani daban ne, don haka ba ina cewa wannan ne ya faru a Jazira ba. Abin lura shi ne tawadar da shinkafa ke rubutu da ita, ƙwaro ma yana da irinta a aljihunsa.

Malama, da izininki zan ɗan gyara misalin wasali. Wasali yana sauya ma'anar kalma, ita kuwa m6A ba ta sauya furotin da saƙon zai haifar. Ta fi kama da alamar da malami ke yi a gefen allo domin a san wanda za a maimaita da wanda za a wanke yau. Na tsaya a kan wannan ne domin kada mai karatu ya zaci alamar tana ƙirƙiro wa tsiro sabon makami. Makamin da yake da shi take ƙara wa yawa ko ta rage.

Inda nake so mu yi taka-tsantsan shi ne wajen fassara taswirorin nan. Ganin alama ta sauya bayan cizo bai tabbatar da cewa ita ce ta hana ƙwaron ci ba, kamar yadda ganin ƙura a bayan garke ba ya nufin ƙura ce ta kora shanun. Hujja mai ƙarfi ita ce a cire alamar daga saƙo guda, a bar sauran, sannan a saki ƙwari a auna nauyinsu da yawan ƙwansu. Wannan yana da wuya, domin marubuci ɗaya ne ke yi wa dubban saƙonni alama, idan ka taɓa shi ka taɓa fure da saiwa da lokacin nuna gaba ɗaya. Har ma sinadaran kāriyar kansu ba sa tafiya hanya ɗaya: a 2009 masu bincike a Jami'ar Zhejiang sun rage jasmonik a shinkafa, sai tsutsar kara ta ƙara ƙiba a kanta, amma ɗan tsalle mai tsotso ya rage jin daɗinta. Gwajin FTO kuma yawan amfani da jure fari ya nuna, ba jure ƙwari ba, kuma har yau babu wani irin shinkafa a hannun manoma da aka samar ta hanyar juya m6A.

Sai kuma batun wane ƙwaro ake magana. Mafi yawan wannan bincike a kan ƙwarin Asiya aka yi shi, musamman ɗan tsallen nan mai ruwan ƙasa, Nilaparvata lugens, wanda ke tsotse gona har ta bushe kamar an cinna mata wuta. Tarihinsa ya yi kama da labarin Baba. A 1973 cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta fitar da irin shinkafa IR26 mai ɗauke da ƙwayar gadon Bph1 ta jure wannan ƙwaro, amma cikin 'yan shekaru ƙwaron ya karya ta, aka koma IR36 a 1976. A 1986 Shugaba Suharto na Indunusiya ya haramta magungunan feshi 57 a gonakin shinkafa, saboda an gane feshin ne ke haifar da annobar ta hanyar kashe masu cin ƙwaron. Ƙwayoyin gadon da suka yi aiki a zahiri, irin su Bph14 da aka tantance a Jami'ar Wuhan a 2009, da Bph3 da aka samo daga tsohon irin Siri Lanka mai suna Rathu Heenati, a cikin irin gargajiya da shinkafar daji aka tono su. Mu a Afirka abokan gabarmu tsutsotsin kara ne, da ƙudan nan mai mayar da tsiron shinkafa kamar ganyen albasa, da mai idanu a kan tsinke, kuma a kansu aikin m6A bai yi nisa ba.

Ɗan'uwa na Kosti, abin da za ku iya yi bana ba ya bukatar ɗakin bincike. Ku raba yuriya kashi-kashi maimakon zubawa lokaci guda. Ku daidaita lokacin shuka da maƙwabta, kada gonarku ta zama ita kaɗai ce ɗanya bayan kowa ya girbe. Ku nome kututturen bayan girbi, ku kula da karan dawa da ke kusa, domin tsutsa tana iya fakewa a ciki ta jira wata shekara. Ku mayar da tokar ɓuntu gona, saboda shinkafa tana zuƙar silika, sinadarin da ke cikin yashi, har ta kai kusan kashi 10 cikin ɗari na busasshen jikinta, ita ce kuma ke dakushe bakin tsutsa. Feshi kuwa, idan fararen zangarnu sun riga sun bayyana, asarar kuɗi ce, domin tsutsar tana cikin kara inda maganin da ke kan ganye ba ya isa, kuma ɓarnar ta riga ta auku.

Ɗan Kosti ya rubuta:

Na gode Malama, na gode Malam, Baba Alhaji Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na karanta wa mahaifina duka, kuma labarin asala ya sa ya yi shiru na ɗan lokaci, domin shi ma ya yi tsinkar auduga yana saurayi. Ya ce in tambaya: tunda ba a gadon alamar, shin akwai amfanin ci gaba da ajiye tsohon irin, alhali sabon ya fi shi cika buhu a shekarar da babu tsutsa? Yayyena suna so mu bar shi gaba ɗaya.

Malamar Madani ta rubuta:

Na karɓi gyaran Malam a kan wasali, misalinsa ya fi nawa daidai.

Ƙanena, kada ku bar wannan iri ya ɓace, ko da kunya biyu ce ku riƙa shuka shi kowace shekara, ku shanya shi sosai kafin ajiya. Amma kafin mu ce yana da juriya, sai an kawar da wani zato: mai yiwuwa ne ya fitar da kai a makon da malam-buɗe-littafin tsutsar ba ya saka ƙwai, ya tsira ta hanyar saɓanin lokaci kawai. Tsawon kara shi kaɗai ba ya kāre shinkafa, sau da yawa ma dogayen iri masu kaurin kara sun fi jan tsutsa. Bana ka rubuta ranar shuka da ranar da rabin kowace gona ta fitar da kai. Ka auna murabba'in mita ɗaya a wurare biyar a kowane ɓangare, ka ƙirga zangarnu duka da fararen cikinsu. Ka yanke kara goma daga kowane iri ka kwatanta faɗin ramin ciki da yadda kuben ganye ya matse karan, domin ƙaramar tsutsa ta cikin kuben take fara shiga. Idan ka sami tsutsa, ka jefa ta a ƙaramar kwalba da sifirit domin Malam ya gane wace ce.

Akwai kuma abu ɗaya da nake so ka duba mini. Ka ja ganyen tsohon irin baya kaɗan, ka kalli ɗan farin harshen da ke daidai inda ganye ya rabu da kara. Idan dogo ne mai tsini da ya tsage biyu, shinkafar Asiya ce. Idan gajere ne mai zagaye, zangarniyar kuma a tsaye take ba rassa da yawa, to alama ce ta shinkafar Afirka, Oryza glaberrima, wadda aka fara nomawa a fadamun kogin Neja, kuma wadda masanin noma ɗan Saliyo Monty Jones ya haɗa da ta Asiya ya samar da sabon irin da ake kira NERICA. Ka ɗauki hoton wurin da rana tsaka, ka sa farar takarda a bayansa domin harshen ya fito sosai, ka turo mana nan.